Mutum Nawa Suka Ce Maka A'a?

Ranar da na kai wa malamin da ke duba kundina takardun tambayoyin da na cike, tafe nake ina jin kaina kamar wanda ya sauke kaya. Takardu 40 na fita da su, 40 suka dawo, babu wadda ta ɓace, babu wadda aka bar gurbi a cikinta. Malam ya karɓa ya jujjuya su, ya karanta uku ko huɗu, sannan ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Mutum nawa suka ce maka a'a?"

Na ce, "Malam, ai ko ɗaya. Kowa ya ba da haɗin kai."

Ya turo mini takardun. "To kwashe kayanka, ka koma ka yi binciken."

Wallahi a ranar na ɗauka mugunta ce irin ta masu duba kundi. Sai da na shafe kusan wata biyu ina kai da kawowa kafin na gane abin da ya hango a cikin takardun nan. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta wannan saboda 'yan'uwana na ND II da HND II da za su fita tattara bayanai a zangon nan, ko Allah zai sa wani ya tsira da kuɗin motarsa.

Bincikena a kan zuwan mata awon ciki ne, a wani ƙauye na ƙasar Daura ta wajen iyakar Nijar. Na bi ƙa'ida kamar yadda aka koya mana. Na karɓi takarda daga sashenmu, na kai ofishin hakimi, aka haɗa ni da dagaci, dagaci ya haɗa ni da mai unguwa. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, magidanta suka taru. Mai unguwa ya ce musu, "Ga ɗan makaranta nan, daga sama aka turo shi, kowa ya ba shi haɗin kai." Na zauna kusa da shi ina kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, ina karanta tambaya da ƙarfi, ina rubuta suna da amsa. Babbar tambayata ita ce, "Kana barin iyalinka su je awon ciki kamar yadda ya kamata?" Kowa ya ce e. Da zan tafi wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Yaro, yaushe za a kawo takin?" Na yi dariya na ce Allah ya kawo. Ban gyara masa ba.

Duba fa abin da na aikata. Bincike a kan mata, ban yi magana da mace ko ɗaya ba. Tambayar da kanta ta riga ta faɗa wa mutum amsar da ake so, domin wane ne zai ce ba ya yin abu "kamar yadda ya kamata"? Na yi ta a gaban mai unguwa da maƙwabta, inda a'a ke nufin tona wa kai asiri. Uwa uba, wasu sun zauna ne suna zaton rajistar tallafi ake yi, ni kuma na bar su a kan zaton saboda ya sauƙaƙa mini aiki. A lakca an koya mana hanyoyin bincike a babi guda, ɗa'ar bincike a wani babin can ƙarshen littafi wanda ba a cika kaiwa gare shi ba kafin jarrabawa. A gindin darbejiyar nan na ga ashe abu ɗaya ne. Mutumin da bai da damar ƙin amsawa, amsarsa ba ta gaya maka komai sai abin da yake ganin zai raba shi da kai lafiya.

Abin da ya faru a Asibitin Zana

Mai karatu zai iya cewa to mene ne a ciki, takardar ɗalibi ce da za ta ƙare a kan kanta tana shan ƙura. Bari in kai mu Kano, inda wannan magana ta izini ta zama ta rai da mutuwa.

A 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewa, ta kashe mutane fiye da 10,000, yawancinsu yara. Ana cikin haka kamfanin magunguna na Pfizer ya turo ma'aikatansa daga Amurka zuwa asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana, don gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su ceftriaxone, maganin da aka riga aka sani, sai dai an rage yawan da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, 5 daga ɓangaren Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. A harabar asibitin kuma, a daidai lokacin, ƙungiyar likitoci ta MSF tana ba da magani kyauta wanda ba na gwaji ba.

Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya kashe yaran ya kuma nakasa sauran, cewa maganinsa ya ceci rayuka, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Gaskiya ne sanƙarau yana kisa yana kurumtarwa ko babu gwaji. Iyayen kuwa suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi, babu wanda ya ce musu ga wani layin can inda za a ba ɗansu sanannen magani. Babu takardun amincewa da iyayen suka sa wa hannu da za a nuna a raba gardama. Daga baya ma ta bayyana cewa takardar da aka gabatar a matsayin amincewar kwamitin ɗa'a, bayan an gama gwajin aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya.

Jaridar Washington Post ce ta fallasa labarin a Disamba 2000. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ya kammala rahoto a 2001, rahoton ya kwanta har 2006 kafin ya fito fili, kuma ya ce gwajin ya saɓa doka. A 2007 gwamnatin Kano da ta tarayya suka kai ƙara. A 2009 aka sasanta da Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011 iyalai na farko suka karɓi diyya, bayan gwajin ƙwayoyin halitta. Shekara 15 ke nan. Shi kansa Trovan, tun 1999 hukumomin Amurka suka taƙaita amfani da shi saboda illar da yake yi wa hanta.

Ka sa kanka a matsayin uwar da ta rungumo ɗanta wuya a sanƙare, jiki kamar wuta, ta tarar da mutum sanye da farar riga ya miƙo hannu. Ko an tambaye ta "kin yarda?" me za ta ce? Ita ma ba ta da a'a. Bambancinta da dattijon da ya tambaye ni taki shi ne girman abin da ke kan faifai, amma ƙofar da aka shiga ta ciki guda ce.

Illar ba ta tsaya a kan yara 200 ba. Da aka zo 2003, jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan-inna saboda jita-jitar cewa an gurɓata maganin. Dalilan ƙin suna da yawa, da siyasa a ciki, da yanayin duniya na lokacin, amma labarin Trovan yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Kano ba ta koma rigakafin ba sai Yuli 2004, kuma kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a wannan tsakanin ba su san Trovan ba. Duk mai bincike da ya shiga gari ya yi wasa da amanar mutane, wanda zai zo bayansa ne zai tarar da ƙofa a rufe, ko da alheri ya kawo.

Dokokin da ake karanta mana duk daga irin wannan ɓarnar suka fito. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 sun biyo bayan gwaje-gwajen da likitocin Nazi suka yi a kan fursunoni, kuma sharaɗinsu na farko shi ne amincewar mutum bisa son ransa. Sanarwar Helsinki ta 1964 ta ƙungiyar likitoci ta duniya ce. A Amurka, daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta bar baƙaƙen fata kusan 400 masu ciwon tunjere a Tuskegee ba magani don a ga yadda cutar ke cin jiki, har bayan an samu fenisilin. A nan gida, kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, NHREC, ya fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007. Abin da suke nema a wajen mai bincike bai da wuyar faɗa: mutum ya san bincike ake yi, ya san abin da zai same shi na amfani ko cutarwa, ya san yana iya ƙi ko ya janye a tsakiya ba tare da ya rasa komai ba.

Babi na ɗaya da rijiyar Kusugu

Na san akwai masu cewa su ba ruwansu da asibiti, nasu binciken a kan kasuwa ne ko harajin ƙaramar hukuma. To ku ɗin ma akwai inda muka haɗu. Kusan duk kundin da aka rubuta a kan Daura yana da sashen tarihin wurin bincike a babi na ɗaya, kuma na karanta fiye da goma a ɗakin karatu, kusan kalma ɗaya suke. Bayajida ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Barno, ya iso Daura da dare, ya nemi ruwa aka ce macijiya ba ta bari a ɗiba sai Juma'a, ya kashe ta a rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, aka haifi Bawo, daga nan Hausa Bakwai. Wani ya kwafa daga wani, shi ma daga wani, har kuskuren bugu ake gada. Ba wanda ya ce ga inda ya samo.

Kada a fahimce ni a karkace. Ni ma an kai ni Kusugu ina yaro na sha ruwanta, kuma labarin nan dukiya ce ta Daura da ƙasar Hausa baki ɗaya. Amma mai bincike dole ya yi wa kowane labari tambayar da Malam ya yi wa takarduna: wa ya faɗa, yaushe, a gaban wa, me yake nema?

Sigar da ta fi yawo a littattafan Turanci ta bi ta hannun H. R. Palmer, jami'in mulkin mallaka da ya yi aiki a Katsina da Kano da Barno har ya zama Laftanar Gwamnan Arewa. Ya buga fassarar rubuce-rubucen da ya tattara, har da na Daura, a littafinsa Sudanese Memoirs a 1928. Palmer yana cikin Turawan zamaninsa da suka yi imani cewa duk wani tsarin sarauta a Afirka baƙi ne daga gabas ko arewa suka kawo shi, don haka labarin ɗan sarkin Bagadaza ya zo masa daidai da abin da yake nema. Sama da shekara 100 kafin shi, a 1812, Muhammadu Bello ya kawo wata ruwayar a Infaƙul Maisuri wadda ta mayar da Bawo bawan Sarkin Barno. Shi kuma yana rubutu ne 'yan shekaru bayan jihadin da ya kawar da gidajen sarautar da ke jingina kansu ga Bawo. Ba ina cewa wani ya yi ƙarya ba. Cewa nake kowane marubuci yana da wurin da yake tsaye, kuma aikinka ne ka san wurin kafin ka ɗauki maganarsa.

A 1970 Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna, ya rubuta maƙala a kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, inda ya nuna cewa labarin baƙo guda ba zai iya bayyana asalin al'umma da harshenta ba. Labarin da kansa ma ya nuna Bayajida ya tarar da gari da sarauniya da maƙera. Smith ya ce a duba yadda ƙauyuka suka zama garuruwa, garuruwa suka zama birane masu ganuwa. Ɗalibinsa Dakta Yusufu Bala Usman, wanda kwalejin da ke nan Daura take ɗauke da sunansa, ya ɗauki Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Katsina a 1851 wanda ake ɗaukar littafinsa kamar yankan wuƙa, ya bi diddigin yanayin da ya samo bayanansa da irin fahimtar da ya zo da ita daga Turai. Mu da muka taso muna jin malaman hadisi suna tantance isnadi, wane daga wane, wannan mai riƙo ne wancan mai mantuwa ne, bai kamata a ce wannan darasi baƙo ne gare mu ba.

Tarihin Daura na kusa ma ya fi nuna abin. A farkon ƙarni na 19 mutanen jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka karɓi birnin, Sarki Abdu da ake wa laƙabi da Sarkin Gwari ya fita, zuriyarsa suka kafa sarauta a Zango da Baure. Kusan shekara 100 bayan nan Turawa suka dawo da gidan Haɓe kan gadon Daura ta hannun Malam Musa daga Zango, abin da ba su yi a Kano ko Zariya ba. Kenan ƙarni guda yana da masu ba da labarinsa a aƙalla wuri uku. M. G. Smith, masanin zamantakewa ɗan Jamaika, ya zo a ƙarshen shekarun 1950 ya bi labarin waɗannan gidaje daban-daban, ya fitar da The Affairs of Daura a 1978. Da a zaure ɗaya ya zauna ya cika littafinsa, da ya dawo da irin takarduna 40: komai ya yi daidai da komai, saboda murya ɗaya ce.

Matar wannan Smith ɗin, Mary, ita ta ba ni dabarar da ta fitar da ni. Lokacin da suke aiki a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, mijin ba ya iya wuce zaure, ita kuwa tana shiga cikin gida. Ta zauna da wata tsohuwa makonni tana rubuta labarin rayuwarta da Hausa, abin da ya zama littafin Baba of Karo a 1954. Aure, kishi, haihuwa, bauta, bori, duk abin da mazan zaure ba za su faɗa ba ko ba su ma sani ba, yana ciki. An sauya sunayen mutane da na garuruwa don a rufa musu asiri. Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba, kuma har yau ina tambayar kaina ko ta san iyakar inda maganarta za ta kai. Amma dai ta fuskar hanya, darasin a fili yake.

Komawa ta biyu

Na roƙi wata 'yar ajinmu ta raka ni, da sharaɗin ni ma zan taya ta nata. Muka sake bi ta wajen dagaci da mai unguwa, domin a ƙasar sarauta ba a shiga gari ta taga, kuma wanda ya tsallake su ya ja wa kansa da masu amsa masa fitina. Sai dai wannan karon na ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, izinin shiga muke nema. Amsa kuwa, wanda ya ga dama." Ya yi shiru kaɗan, ya ce to Allah ya taimaka, ya koma harkarsa.

Gidajen ma ba shi ya zaɓa mana ba. Muka lissafa gidajen unguwar a takarda, muka riƙa ɗaukar na uku-uku. A kowane gida ni zan yi sallama da maigida a zaure in nemi iznin shigar abokiyar aikina, ita kuma in ta shiga sai ta sake neman izinin matar da kanta, domin yardar miji ta buɗe ƙofa ce kawai. Abin da take faɗa mun rubuta shi mun haddace:

"Inna, mu 'yan makaranta ne, ba gwamnati ta aiko mu ba. Ba mu da taki, ba mu da kuɗin rabo, ba abin da za a kawo bayan mun tafi. Tambayoyi ne a kan awon ciki, na ɗan lokaci kaɗan. Ba zan rubuta sunanki ba. In ba ki so, ki ce ba ki so, ba wanda zai ji, har mai unguwa. In mun fara kika ji wata tambayar ba ta yi miki ba, sai mu tsallake ta."

Ba mu ce kowa ta sa hannu ko ta dangwala ba, saboda a ƙauye dangwale yana nufin zaɓe ko bashi ko rabo, kuma da mun ɓata abin da muka gyara. Malam ya amince a rubuta cewa an karanta bayanin an amsa da baki, da shaidar wadda ta karanta. Wannan na binciken tambaya ne kawai. In naka ya haɗa da ɗibar jini, ko awo, ko duba fayil ɗin marasa lafiya, ko yara ƙanana, kada ka motsa sai kwamitin ɗa'a na asibitin ko na ma'aikatar lafiya ya ba ka takarda, kuma kwanan watan da ke kanta ya riga ranar da ka fara.

Tambayar ma muka sauya ta. Maimakon "kamar yadda ya kamata", sai "A cikinki na ƙarshe, kin je awo? Sau nawa? Ranar da ba ki je ba, me ya hana?" Gida 40 muka shiga, mata 9 suka ce a'a. Wata ta ce tana daka, wata ta ce ba ta magana da baƙi a kan ciki, wata ba ta ba da dalili ba kuma ba a tambaye ta ba. Sauran 31 suka faɗi abubuwan da ko kusa ba su fito a gindin darbejiya ba: kuɗin mashin zuwa da dawowa, aikin gona da damina, uwar miji da ke cewa su a ɗaki suka haifi goma, da kunyar cikin fari da ke sa yarinya ta ɓoye har sai ya fito da kansa. Wannan na ƙarshen ba ya cikin zaɓin da na tsara tun farko. Da ban bar gurbin "wani dalili" ba, da ya wuce ni.

Da na dawo da 31 maimakon 40, wani abokina ya ba ni shawarar da na san kowa ya taɓa ji a hostel: zauna ka cike tara ɗin, ka riƙa sauya biro. Kada mu yaudari juna, ana yi. Ana kuma rubuta a babi na uku cewa an yi amfani da lissafin Taro Yamane na 1967, wanda in jama'a 10,000 ne kuma kuskuren da aka yarda da shi kashi 5 cikin 100 ne zai ba ka mutum 385, sannan a raba takarda 50 a teburin mai shayi a ƙirƙiro sauran. Lissafin nan an gina shi ne a kan cewa kowa a cikin jama'ar yana da damar a zaɓe shi daidai da kowa. In abokanka ka raba wa, ko 1,000 ka tara lissafin bai rufe ka ba. Ƙarami na gaskiya da aka bayyana iyakarsa ya fi amfani, domin na bayanka zai iya ɗorawa a kai. Yanzu kuma ga manhajojin da ke rubuta wa mutum babi na biyu, wani lokaci har da sunayen littattafan da ba a taɓa wallafawa ba. Duk littafin da ba ka buɗe da hannunka ko a wayarka ba, kada sunansa ya shiga kundinka.

Saura maganar rufin asiri, wadda waya ta sa ta ƙara wuya. Na ga ɗalibai suna ɗora hotunan matan da suka yi hira da su a WhatsApp da Facebook da rubutun "muna fagen aiki". Matar ta yarda ta amsa tambaya, ba ta yarda duniya ta ga tsakar gidanta ba. Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, kuma bayanin lafiya yana cikin waɗanda ta fi tsanantawa a kansu. Cire suna kaɗai ma ba ya isa a ƙaramin gari. In ka rubuta "amaryar limamin unguwa, mai shekara 19", ka faɗi sunanta ka gama. Ni lamba na ba kowace takarda, ƙauyen ma ban ambaci sunansa a kundin ba, kamar yadda ban ambata a nan ba.

A babi na uku na rubuta komai yadda ya faru: fitar farko da dalilin watsar da ita, yadda aka zaɓi gidaje, mata 9 da suka ƙi, da cewa sakamakon na unguwa ɗaya ne, ba na masarautar Daura mai ƙananan hukumomi 5 ba. Ranar kare kundi, a kan wannan shafin aka fi tsayar da ni, kuma shi ne kaɗai wurin da ban yi gumi ba. Takardun farko 40 masu ɗauke da sunayen magidanta, Malam ya sa na ƙone su yana tsaye.

Dattijon nan mai tambayar taki bai halarci zuwanmu na biyu ba, an ce ya yi tafiya. Sai bayan watanni na ci karo da shi a kasuwar Mai'aduwa yana riƙe da igiyar akuya. Na durƙusa na gaishe shi, na tuna masa ko ni wane ne, na ce, "Baba, ranar nan ban faɗa maka gaskiya ba. Babu wani taki, aikin makaranta ne kawai. Ka yafe ni."

Ya dube ni ya yi murmushi. "Ai mun gane, yaro, tun da damina ta wuce. Sai dai ni na rage sayen buhu ɗaya a bana, ina jiran naku."